Tutar Da Kawu Ya Bari A Ƙasan Akwati

Rashin sallama ne ya fara gaya mini akwai matsala. Tun da Kawu ya rasu, duk mai zuwa gaisuwa tun yana kan matattakala nake jiyo salatinsa. Amma ranar sadakar uku, ina kicin ina tuƙa tuwo, sai na ji takun mutane da yawa, da sauri, babu sallama, babu ko gyaran murya. Muciyar ta tsaya a hannuna.

Aminin Kawu ne a gaba, wanda nake kira Baba Alhaji. Mutumin da ban taɓa ganin ya taka tabarma da takalmi ba, ran nan ya bi ta kan dardumomin da na shimfiɗa wa baƙi, ya wuce baranda kai tsaye.

"Ke! Wa ya shanya wannan?"

"Ni ce, Baba. Kayan Kawu ne na sadaka, na wanke."

"Kayan Kawu." Ya maimaita kamar na zage shi. "Kin san abin da kika ɗaga wa duk mai wucewa ta titin Huanshi Lu?"

Na leƙa. Rigunan Kawu ne a jere a kan gorar shanya, da hulunansa, da wani ƙyalle da na samu a ƙasan akwatinsa, ja a sama, baƙi a tsakiya, kore a ƙasa, da rabin rana ruwan ɗorawa tana fitowa cikin baƙin. Don ya bushe da wuri na buɗe shi gaba ɗaya, iska kuwa ta samu abin wasa. Na ce, "Ina ce mayafin tebur ne."

Wani saurayi cikin masu gaisuwar ya yi wata dariya marar daɗi. "Mayafin tebur! Tutar Biyafara ce, malama. A gidan Bahaushe, ranar sadakarsa."

Daga nan kowa ya manta da abin da ya kawo shi. Wani ya ce, "Ashe munafuki ne, yana zagin su a kasuwa, yana kwana da tutarsu." Wani ya ce, "Ai nonon can ya sha, me kuke tsammani?" Wani dattijo ya ce shi a saninsa wannan tuta ba ta da ma'ana sai ɗaya, murnar kisan manyan Arewa, duk wanda ya ɗaga ta rawa yake a kan kabarinsu. Ya nemi takalminsa ya fita, ko fatiha bai shafa ba. Maƙwabciyarmu, wata Hajiya 'yar Maradi da ke taya ni girki, ta fito da ludayi a hannu ta ce, "Mine ne wanga abu? Ƙyalle ne ko maciji? Mutum ya mutu, ku zamna ku yi mishi addu'a mana." Babu wanda ya kula ta.

Saboda waɗannan maganganu nake rubutun nan. Yanzu a nan Guangzhou ta ƙasar China Kawu ya rabu biyu, wasu na cewa jarumi ne da ya yage tutar 'yan tawaye, wasu na cewa ɗan leƙen asirinsu ne. Duk masu faɗar haka tuwonsa suka ci. Ni ce na wanke kwanukan.

Kawu yayan Inna ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ba zan ce mutum ne mai daɗin zama ba, don ba a yi wa mamaci ƙarya. Ya ɗauko ni daga Kano bayan na gama sakandare, lokacin da matarsa ta koma gida ciwon ƙafa, don in riƙa dafa wa baƙinsa abinci. Ranar da na sauka a filin jirgin Baiyun, ko sannu da hanya bai yi mini ba. Ya karɓi fasfona ya duba, ya ce, "Nan ba Kano ba ce. Ba ruwanki da taga, ba ruwanki da kowa." Shagonsa da ke kasuwar Sanyuanli, inda yake sayen yadi da takalma yana turawa gida, ban taɓa taka shi ba yana raye.

Kalmarsa ɗaya ce, "Wa ya aike ka?" In ɗan kasuwa ya zo yana kukan an cuce shi da kaya marasa kyau, wa ya aike ka. In na ƙone da mai, wa ya aike ki. Kowane Basine lawban ne a wurinsa, wato maigida, har yaran makaranta da ke wucewa. Ba ya shiga lif, wai bai yarda da ɗakin da ba shi da taga ba, sai ya hau bene yana haki yana zagin wanda ya gina shi. Goronsa kuwa, da ake kawo masa ta jirgin kaya, a firji yake cikin jiƙaƙƙen tsumma, kuma ya san kowane ɗaya da fuska.

Amma a bana, da wasannin Olamfik suka matso, biza ta yi wuya, 'yan Afirka suka rage fita, gidanmu ya zama wurin cin abincin duk wanda ya maƙale. Ba ya karɓar komai. Yana tura wa mutum kwano yana cewa, "Ci ka tashi, ba gidan ubanka ba ne." In mutumin bai dawo washegari ba, sai ya aika a dubo ko lafiya. Da zazzaɓi ya kwantar da ni, shi da kansa ya shiga kicin ya dama mini kunu da garin shinkafar Sinawa. Duk gudaji ne, ga shi ya ƙone. Ya tsaya a kaina har na shanye, ya ce, "Kada ki mutu mini a nan, takardun gawa wahala ne da su." Ya fita. Na ji shi a falo yana jan carbi da ƙarfi fiye da kullum.

A Aba aka haife shi. Kakanmu fataucin shanu ya kai shi can, ya zauna, ya yi iyali. Kawu ya iya Ibo kamar ba Bahaushe ba, in ransa ya ɓaci sosai ma da shi yake ƙorafi. Da rikicin da ya haifi yaƙin basasa ya tashi, aka kashe Ibo a Arewa, aka rama a kan Hausawan can, suka gudo, Inna tana goye. Kakanmu ya ce su yi gaba zai biyo su. Bai biyo su ba. Babu gawa, babu kabari. Wannan daga bakin Inna na ji. Kawu bai taɓa ba ni labarin ba, sai dai sau ɗaya, yana wanke hannu, ya ce, "Wasu suna da inda za su je su yi wa ubansu addu'a." Ya yarfe ruwan ya tashi.

Maƙwabcinsa na shago Ibo ne, tsaransa, haifaffen Sabon Gari a Kano. Ban taɓa ganinsa ba a lokacin, amma kusan kullum yana cikin hirar cin abinci. "Ɗan Sabon Garin nan ya sake fito da tsummansa." Tsumma, haka Kawu ke kiran tutar, bai taɓa faɗin sunanta ko launinta ba. Ni kuwa a makaranta mun haddace koguna da jihohi da manyan biranensu, amma babu malamin da ya taɓa zana mana wannan a allo. Na san an yi yaƙi. Ban san yana da kala ba.

Baba Alhaji ya sha ba da labarin faɗansu yana dariya. Wai Kawu yana zagi da Ibo, maƙwabcin yana ramawa da Hausar Kano tsantsa, Sinawa sun kewaye su suna kallo, ba su san kowa da harshen abokin gabarsa yake faɗa ba. Da aka fara ƙawata gari da jajayen tutoci saboda wasannin, baƙi ma kowa ya sa ƙaramar tutar ƙasarsa a shago. Kawu ya sa kore-fari-kore. Maƙwabcin ya ɗauko babbar tasa ya rataya a saman ƙofa, gefenta yana taɓa allon shagon Kawu. Ran nan Kawu ya dawo gida hannun rigarsa a yage, yana numfashi sama-sama, bai ci abinci ba. Daga baya na ji cewa kujera ya taka, da tsufansa, ya fizgo ta, ya cusa a jaka ya tafi, samarin Ibo suna ihu a bayansa. Kowa ya ɗauka ƙone ta ya yi. Ba a yi mako ba ya faɗi yana alwalar azahar. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Musulmin garin suka taimaka aka yi masa sutura. Allah ya jiƙansa, ya yafe masa zafin bakinsa, ya saka masa da abincin da ya ciyar.

To, ni abin da na sani shi ne kayan mamaci ana wanke su kafin a bayar. Haka Inna ta yi da na Baba. Na buɗe akwati, na kwashe komai har ƙasa. Ƙyallen yana ƙarƙashin babbar rigarsa ta Sallah, a ninke tsaf, yana ƙamshin kafur. Wa zai ce abin da aka adana haka tsumma ne?

Baba Alhaji bai gama janyo tutar daga gora ba aka buga ƙofa. Matar da ta ba mu hayar gidan ce, da wata tsohuwa mai jan ƙyalle a damtse, irin masu sa ido a unguwa a lokacin wasannin, da 'yan sanda biyu. Matar tana magana da ƙarfi tana zana rana da yatsa a iska. Sai daga baya na gane. A ƙasar nan tuta mai rana da tsirkiya ba abin wasa ba ce. Akwai ta sojojin Japan na da, wadda tsofaffi ba sa son ko ganinta, akwai kuma ta wani yanki mai neman ɓallewa daga China, wadda aka yi ta rigima a kanta a duniya a shekarar nan. Ita ba ta tsaya tantancewa ba. Ta ga rana tana kaɗawa a barandar gidanta, ta ruga wurin 'yan sanda.

'Yan sandan ba su ɗaga murya ba. Ɗaya ya ninke tutar ya sa a leda. Ɗayan ya tambaya da guntun Turanci, wa ke zaune a gidan. Duk idanu suka juyo kaina. Ya karɓi fasfona. Ya tambaya, tutar wace ƙasa ce, ta wane ne?

Falo cike da maza, kowannensu ya san amsar. Wani yana kallon silin, wani yana gyara hula. Na ce, "Baba Alhaji, don Allah ka gaya musu." Ya ce da ni a hankali, da Hausa, "Bakina ba zai yi wa wannan abu bayani ba. Kuma kowa nan da takardunsa yake ji." Aka ce in zo ofis washegari tare da mai tutar. In babu mai ita, to tawa ce, tunda ni na rataya.

Suna fita masu gaisuwa suka bi bayansu ɗaya bayan ɗaya. Tuwon sadakar Kawu ya huce a tukunya. Hajiya ce kaɗai ta zauna. Na riƙa tuna labaran waɗanda aka tsare ba a san ranar fitarsu ba, na riƙa tuna Inna da ba ta gama kukan yayanta ba. Hajiya ta ce, "Kuka ba ya maido fasfo. Gobe mu tai wurin mai abu."

Da hantsi muka ɗauki tasi zuwa Sanyuanli. Shagon Kawu a rufe, ƙaramar tutarsa tana nan a maƙale. Na kusa da shi cike da jakunkuna da samari. Labari ya riga mu zuwa. Ɗaya ya tare ƙofa ya ce da Turancin kasuwa, 'yar ɓarawon ce. Wani ya tsartar da yawu kusa da ƙafata. Daga ciki wata murya ta ce, "Ku bar ta ta shigo." Da na rufe ido da na rantse wani dattijon Fagge ne.

Gajere ne, mai furfura, da tabarau a goshi. Na durƙusa na ce, "Ina kwana, Baba."

"Ni ba babanki ba ne. Kawunki ya aiko ki ki ƙarasa aikin?"

"Ya rasu."

"Na sani. Ban je ba, kuma ba zan je ba." Ya ci gaba da ɗaure wani kwali. "Ya sace mini abu, ke kuma kin kai wa 'yan sanda. Gidanku akwai haɗin kai."

Na gaya masa yadda aka yi. Da na kai wurin mayafin tebur ya ajiye igiyar ya dube ni sosai.

"Shekarunki nawa? A'a, bari. Kin yi makaranta?"

"Na gama sakandare."

"Kin gama sakandare." Ya juya ga samarin ya faɗi wani abu da Ibo, babu wanda ya yi dariya. Ya dawo kaina. "Mutanenku suna cewa muna ɗaga ta don mu ci musu fuska. Yaran nan ma," ya nuna su da haɓa, "rabinsu don haka suke yi, ba su ga komai ba, sun ji dai ana ba da labari, ga haushin ƙasar da ta koro su nan neman abinci. Ni ba ruwana da sabuwar ƙasa, na tsufa. Ubana a Kano ya kwanta dama, a bakin shagonsa, hannun mutanen da yake gaisawa da su kullum. Muka gudu can da ake cewa gida, ni ko yaren ban iya sosai ba. Ƙannena mata biyu, yunwa. Gashinsu ya yi ja kafin su tafi. Ba hoto, ba kabarin da zan iya nunawa. Wannan ƙyallen ne kawai aka ɗinka lokacin suna da rai. Kin gane? Mayafin tebur."

Na ce, "Shi ma Kawu ubansa..."

"Na san na uban kawunki. Ya gaya mini, na gaya masa nawa, tun shekarar da ya kama shagon nan. Kin ɗauka ya rage wani abu? Washegari da safe ya zo ya ce in sauke tsummana."

Samarin suka taso masa da magana, na gane cewa suke kada ya je, a irin wannan lokaci baƙar fata ba ya kai kansa ofishin 'yan sanda, in aka biyo shi shago akwai waɗanda ba za su kwana a gida ba. Ya daka musu tsawa. Ya buɗe aljihun tebur ya ɗauki fasfonsa. Ya ce da ni, "Ba don ke ba, ba kuma don shi ba. Kayana zan karɓo. Tashi, kin tare mini hanya."

A ofishin aka zaunar da mu a benci, Hajiya a tsakaninmu. Da aka kira mu, an shimfiɗa tutar a kan tebur, akwai wata budurwa tafinta. Aka tambaye shi. Ya ce tasa ce. Ta wace ƙasa? Ya ce ta wata ƙasa ce da ta mutu tun kafin a haifi yarinyar nan, a Afirka, ba ta da alaƙa da China ko da kowa a nan. To me ya sa yake rataya tutar ƙasar da babu ita? Ya ce, "Ku ba kwa ajiye hoton matattunku a bango?" Tafintar ta fassara. Ɗan sandan ya ɗan dube shi, ya juya ga kwamfuta yana dannawa.

A lokacin ne idon tsohon ya kai kusurwar tutar, wurin da ya yage da Kawu ya fizge ta. An ɗinke shi da baƙin zare a kan ja, ɗinki manya-manya, a karkace. Na gani tun ina wanki, ban kawo komai a raina ba. Ya sa yatsa ya bi ta kai.

"Ke kika yi wannan?"

"Ba ni ba ce."

Ya bar yatsan a wurin. Can ya janye hannunsa ya ce, "Ko ɗinkin bai iya ba."

Ban san me Kawu ya nufa ba. Ko mayarwa zai yi, ko kuwa halinsa ne na ɗan kasuwa da ba ya iya barin yadi a yage, ko na wane ne. Masu cewa sun sani ƙarya suke. Ni da na zauna da shi ban sani ba, shi ma wanda suka shekara suna zagin juna bai ce ya sani ba.

Aka mayar da mu benci. Azahar ta wuce muna zaune, ban iya ko tashi neman wurin salla ba. Duk ƙofar da aka buɗe sai in ɗauka ni za a shiga da ni. Hajiya ta miƙa wa tsohon goro, ya kawar da kai.

Wajen la'asar ɗan sandan ya fito da fasfo biyu a hannu, babu leda. Ya yi magana da tsohon, da Sinanci da guntun Turanci. Tsohon ya nuna ɗakin da tutar take. Ɗan sandan ya girgiza kai ya ce, "Meyo." Wannan kam na sani, babu. Ya ƙara bayani, tsohon ya sake roƙo. Aka sake girgiza kai. Ba za a ba da ita ba, wai kada a sake ganinta a rataye.

Tsohon ya karɓi fasfon biyu, ya tsaya yana kallon ƙofar ɗakin. Ni ban san matsayina ba. Na miƙe na kama hannun Hajiya, na ce, "Baba, ni fa? Me suka ce a kaina?"

Ya juyo kamar ya manta ina wurin. Idanunsa sun yi ja. Ya jefa mini fasfona a cinya, don na riga na koma zaune ban sani ba.

"Kawunki ya samu abin da yake so, yana kwance ma sai da ya sauke ta," in ji shi. "Ke kuma sun ce babu komai a kanki. Tashi ki tafi gida, yarinya. Babu wanda zai taɓa ki."